Yadda Ake Koyon Kitson Zane Daga Tushe: Jagora Ga Mai Farawa

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a kan gyaran gashi ita ce ta masu son koyon kitson zane, wato kitson da yake kwanciya a jikin fatar kai layi-layi tun daga goshi har ƙeya. Yawancin masu tambayar sun iya kitsa jela mai rassa uku, amma da zarar an ce su kwantar da kitson a kan fata sai yatsu su rikice, gashi ya kuɓuce, layi ya karkace. Zan bi aikin daki-daki, kuma zan yi magana kamar da mace nake yi, ko da yake namijin da yake son koyo hanyar da zai bi ke nan. Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe tun daga nan: kyawun zane yana fitowa ne daga tsaga mai kyau da daidaiton gashin da kike ɗauka, ba daga ƙarfin ja ba.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Kina buƙatar mataji mai manyan haƙora don warware gashi, da mataji mai siririyar jela ko kibiya don tsaga, da maƙalan gashi guda shida zuwa takwas don kame ɓangaren da ba ki zo kansa ba, da ƙaramar kwalbar fesa ruwa, da mai marar nauyi kamar man zaitun ko man kwakwa, da ƙananan robobi, da madubi. Duk waɗannan ba su da tsada, kuma rabinsu suna nan a gida.

Abin da yake cin kuɗi shi ne kan roba na koyo, mai maƙalin da ake ɗaurewa a jikin tebur. Mai gashin mutum ya ninka mai gashin roba tsada, kuma mai farawa ba ta buƙatarsa. Abin da ya kamata ki duba shi ne gashin ya kasance mai ɗan kaushi, domin mai santsi sosai zamewa yake yi a hannu, ya sa ki ɗauka ke ce kika kasa. Idan ba ki da halin saye, ki nemi wadda za ta ba ki kanta ta yi haƙuri da ke, sai dai kan roba yana da fa'ida guda: ba ya gajiya, ba ya cewa da zafi, kuma za ki iya tsefewa ki sake sau goma a yini.

Gargaɗi: kada ki sayi jel da man kwantar da gaban goshi iri-iri tun yanzu. Suna ɓoye kuskuren hannu, kuma idan suka yi yawa sukan bushe su zama farin gari a tsaga.

Mataki na 2: Horar da yatsu da zare

Kafin ki taɓa gashi, ki samo zaren saƙa mai kauri launi uku, ki ɗaure su wuri ɗaya a jikin kujera. Ki kira su reshen dama, reshen tsakiya da reshen hagu. Ki ɗauki na dama ki shigar da shi ta ƙarƙashin na tsakiya, sai ya zama shi ne a tsakiya. Sannan ki ɗauki na hagu ki shigar da shi ta ƙarƙashin sabon na tsakiyar. Haka za ki ci gaba, dama, hagu, dama, hagu, kullum ta ƙasa.

Wannan kalma ta "ƙasa" ita ce ginshiƙin aikin. Idan kika riƙa ɗora reshen gefe ta saman na tsakiya, kitson zai nutse cikin gashi ya ɓuya, ba zai fito ya zauna kamar igiya a kan fata ba. Ni kaina na yi wannan kuskuren a karon farko da na kitsa wa ƙanwata. Na gama layi huɗu ina jin daɗi, da ta ɗauki madubi sai ta ce, "Yaya, ina kitson yake?" Tsagar tana nan, amma layukan duk sun shige ciki. Launin zaren zai nuna miki nan take idan kika juya hanya. Ki yi ta yi har ki iya kitsa zaren kina hira ba tare da kin kalli hannunki ba.

Mataki na 3: Shirya gashi

A wanke kai da shamfu, a sa kwandishana, a warware gashin da manyan haƙora tun yana da laushi, ana farawa daga bakin gashi ana hawa zuwa tushe. Wadda ta fara daga tushe tara ƙulli take yi tana tura shi ƙasa, daga nan sai karyewa. Bayan haka a bar shi ya sha iska. Gashin da ya fi daɗin kitso ga mai koyo shi ne wanda ya bushe kuma aka miƙar da shi, ko da na'urar busar da gashi a kan matsakaicin zafi, ko ta hanyar kama shi manya-manya gida shida a kwana da shi. Ki shafa mai kaɗan, gwargwadon abin da zai sa gashin ya yi laushi ba tare da yatsunki sun yi santsi ba.

Tsawon gashi ma abin dubawa ne. Ƙwararriya takan kama gashin da bai wuce santimita 5 ba, amma ke ki fara da wanda ya kai santimita 10 ko fiye.

Gargaɗi: kada ki yi kitso a kan jiƙaƙƙen gashi. Gashi idan ya jiƙe yana miƙewa fiye da ƙima kuma ƙarfinsa yana raguwa, sa'annan idan ya bushe a cikin kitso sai ya tsuke ya ja fata. Ki kuma buɗe kan ki duba fatar da kyau. Idan akwai ƙuraje, ko ciwo, ko makero, ko amosani mai yawa, a yi magani tukuna. Ba a banza ake cewa kada a yi kitso da ƙwarƙwata ba, domin duk abin da kika rufe a ƙarƙashin kitso ƙaruwa zai yi.

Mataki na 4: Zama da tsaga

Wadda za a yi wa kitso ta zauna ƙasa da ke, yadda tsakiyar kanta zai zo daidai ƙirjinki, kuma haske ya faɗo a kan kan, ba a idonki ba. Idan kan ya yi miki sama, kafaɗunki za su gaji tun kafin layi na biyu, hannunki kuma ya riƙa ɗagawa daga fata.

Ki fara da manyan layuka, guda huɗu ko shida, kai tsaye daga gaba zuwa baya. Ki aza bakin kibiya a tsakiyar goshi, daidai karan hanci, ki ja ta a jikin fata a hankali har tsakiyar ƙeya, da ja ɗaya idan zai yiwu, sannan ki buɗe gashin da yatsu. Wannan ita ce uwar tsaga, daga gare ta ake auna sauran. Ki raba kowane gefe gida biyu ko uku, ki kame kowane kaso da maƙali.

A nan ne masu koyo suka fi yin gaggawa, alhali nan ne ya fi cancantar a daɗe. Kai ba shimfiɗaɗɗe ba ne: ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke a ƙeya. Saboda haka kowane layi dole ya ɗan buɗe a tsakiya ya kuma rage faɗi yayin da yake gangarawa, in ba haka ba za ki isa ƙeya ki tarar layukan farko sun cinye wurin, na ƙarshe ba shi da inda zai sauka. Layin da yake kusa da kunne kuwa ba ya tafiya a miƙe, yana bin lanƙwasar kunnen ne. Bayan kin tsaga, ki sake bin tsagar da bakin kibiya ki mayar da kowane sili gidansa, har ki ga fatar ta fito fes. Tsagar da ta karkace ba ta gyaruwa bayan an kitsa, sai dai a tsefe.

Gargaɗi: kibiya ta taɓa fata ne kawai, ba ta karce ta ba. Idan kika ga farin layi ko ja a bayanta, kin danna da yawa.

Mataki na 5: Kafa kitson

Ki saki kaso ɗaya, ki tabbata na kusa da shi a kame suke sosai. Ga mai farawa ya fi sauƙi ta fara da layin da yake kusa da uwar tsaga, domin shi ne ya fi miƙewa. A bakin goshi ki yanki ɗan gashi kaɗan a kwance, wanda kaurinsa bai wuce na fensir ba, ki raba shi gida uku daidai wa daida. Ki kitsa sau biyu ta ƙasa kamar yadda kika yi da zare, ba tare da kin ƙara komai ba. Wannan shi ne tushen da sauran kitson zai tsaya a kai.

Idan kika fara da gashi mai yawa, bakin kitson zai yi ƙullutu ya tashi sama. Idan kuma kika fara da ƙananan gashin gaban goshi su kaɗai, nauyin layin gaba ɗaya zai rataya a kansu. Waɗannan siraran gashin su ne mafi rauni a kai, saboda haka wanda bai kai tsawon shiga kitso da kansa ba ki ƙyale shi.

Mataki na 6: Ɗaukar gashi daga fata

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma zan yi bayaninsa yatsa-yatsa. Ki riƙe reshen hagu a cikin tafin hannun hagu da yatsu ukun ƙarshe. Hannun dama ya riƙe biyu: reshen dama a cikin tafi da yatsu ukun ƙarshe, reshen tsakiya kuma tsakanin babban yatsa da manuniya. Yanzu babban yatsa da manuniya na hannun hagu ba su riƙe da komai, su ne za su yi aiki.

Ki zura manuniyar hagu ta ƙarƙashin reshen tsakiya, tana gogar fatar kai, ta ɗebo ɗan gashi daga wanda yake kwance a layin, ta haɗa shi da reshen dama, ki matse su da babban yatsa ki jawo su tsakiya. A daidai lokacin hannun dama zai saki reshen da aka karɓa, ya tura wanda yake tsakanin yatsunsa biyu cikin tafi. Kin ga yanzu abin ya juya: hannun hagu yana riƙe da biyu, na dama da ɗaya. Sai manuniyar dama ta shiga ta ƙarƙashin sabon reshen tsakiya, ta ɗebo gashi daga fata, ta haɗa da reshen hagu, ta jawo. A taƙaice, hannun da yake riƙe da reshe ɗaya shi ne mai shiga, kuma duk shigar da ya yi sai ya fito da sabon gashi.

Abu uku ne suke raba kitson da ya zauna da wanda bai zauna ba. Na farko, yawan gashin da kike ɗebowa ya zama iri ɗaya a kowane kamu, kuma kaɗan-kaɗan. Mai koyo takan ɗebi da yawa don ta gama da wuri, sai kitson ya fito da gaɓoɓi manya da ƙanana, gefensa kuma ya yi sako-sako. Na biyu, ki ɗebo har bakin tsaga, ta dama da ta hagu, domin gashin da aka bari a gefe shi ne yake kumbura daga baya. Na uku, wanda ya fi duka, bayan yatsunki kada su rabu da fatar kai. Duk lokacin da hannu ya ɗaga sama, kitson zai tashi daga fata ya bar rami a ƙarƙashinsa, sai mai koyo ta ɗauka rashin ja ne, ta ƙara ƙarfi. Maganin ramin sauke hannu ne, ba ƙara ja ba.

Bayan kowane kamu biyu ko uku, ki zura yatsa tsakanin rassan ki sharce su har ƙarshe. Yayin da kike kitsa sama, bakin gashin yana kitsa kansa a ƙasa, kuma idan kika bari ya taru sai ya cukurkuɗe ya tsayar da ke a tsakiyar layi. Idan kika lura wani reshe ya sirance, ki ɗebo masa gashi fiye da 'yan'uwansa a kamu na gaba, ko ki tsakuro kaɗan daga reshen da ya fi kauri ki ba shi. Ki kuma riƙa matsawa da jikinki yadda layin zai kasance yana tahowa wajenki a miƙe, domin kitso yana bin inda hannu ya karkata.

Gargaɗi: ana yawan cewa wance hannunta da zafi amma kitsonta yana daɗewa, kamar zafin wani abin yabo ne. Ba haka ba ne. Idan fatar ta tattare a gefen layi, ko girar ido ta ɗaga, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin goshi da ƙeya, ko mai kan ta kasa sunkuyawa, kitson ya yi tsauri, a sassauta shi a take. Yawan jan gashi yana raunana tushensa, shi ne yake cinye gaban kai da gefen kunne. Da farko gashin yakan dawo idan an daina, amma idan aka daɗe ana yi tushen yakan mutu ya bar tabo, daga nan babu man da zai tsirar da shi. Ki riƙa tambaya, musamman idan yarinya ce, domin yara da yawa sukan haɗiye zafi su yi shiru.

Mataki na 7: Ƙeya da jela

Idan kin wuce tsakiyar kai kin fara gangara, ki ce ta ɗan sunkuyar da kai. Kitson da aka yi wa ƙeya kai yana miƙe yakan ja fata duk lokacin da aka sunkuya daga baya. Ki ci gaba da ɗauka har gashin layin ya ƙare, ki tabbata kamun ƙarshe ya kwashe duk abin da ya rage, sannan ki ci gaba da kitsa jela da rassa uku har ƙarshe, kina nan dai ta ƙasa. Gashi mai murɗewa yakan riƙe kansa idan kika shafa ɗan ruwa da mai kika naɗe bakin a yatsa. Mai santsi yana buƙatar roba, amma zagaye biyu ko uku ya isa, kuma ranar tsifa yanke robar ake yi, ba a fizge ta.

Mataki na 8: Sauran layuka

Ki yi layin da yake ɗaya gefen uwar tsaga, sannan ki riƙa fita waje, ɗaya a dama ɗaya a hagu, don ki iya gwada kowane da abokinsa. Za ki ga gefe ɗaya ya fi ɗaya kyau, wannan kowa da shi, kuma yawan yi ne yake daidaita shi. Kada ki tsefe layi saboda ƙaramin aibi a kan mutum. Ki gama kan gaba ɗaya, ki ɗauki hotonsa ta sama da ta baya, ki duba inda kitson ya tashi ko ya karkace. Kan farko zai iya cin miki awa biyu ko uku a kan layi shida. Minti ashirin kullum ya fi yini guda a mako amfani, domin yatsu da maimaici suke haddacewa. Sai layi shida sun zauna miki sannan ki koma takwas, ki koma goma, daga nan ki fara masu lanƙwasa.

Ƙarin gashin kanti ki ajiye shi gefe tukuna. Yana ƙara nauyi a tushe, yana kuma ƙara wa yatsu aiki. Idan lokacinsa ya yi, da siraran yanki ake farawa bayan an kafa kitson da gashin kai, kuma ruwan zafin da ake tsoma jelarsa a ciki yana buƙatar tawul a kafaɗa da hannu mai natsuwa.

Mataki na 9: Idan kanki za ki kitsa

Motsin yatsu bai canza ba, sai dai ido ba ya gani, kuma hannuwa suna sama. Ki sa madubi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, don tsaga kawai. Da kin fara kitso ki daina kallo, domin madubi yana juya dama ta koma hagu, ya rikita ki. Ki bar yatsu su ji fatar da kansu. Ki fara da layi biyu manya. Idan hannu ya gaji, ki danne kitson da maƙali a inda kika tsaya, ki sauke hannu ki huta. A daidai tsakiyar kai za ki ji gwiwar hannu ta tsaya, sai ki sunkuyar da kai ki mayar da hannuwan ta baya ba tare da kin saki rassan ba.

Mataki na 10: Kulawa da tsifa

Da dare a ɗaure kai da ɗankwali mai santsi, na siliki ko satin, domin auduga tana shanye mai tana kuma tayar da gashi. A riƙa ɗiga mai kaɗan a tsaga duk bayan kwana biyu ko uku. Idan za a wanke, a tsarma shamfu da ruwa, a bi tsaga da tafin yatsa ba da farce ba, a kuma tabbata kitson ya bushe har ciki, don damshin da ya kwana a ƙarƙashi yana kawo wari da ƙaiƙayi.

Zanen da aka yi da gashin kai yakan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya tsufa, na mai koyo kuwa da wuya ya wuce mako guda yana da kyau, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8 a kai. Gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata, kuma wannan sabon tsiron ne yake cuɗewa da mai da datti a tushe idan aka daɗe.

Ranar tsifa ki fesa ruwa kaɗan ki shafa mai, ki fara daga bakin jela da kibiya, kina warware kamu ɗaya bayan ɗaya zuwa sama. Za ki ga gashi mai yawa ya biyo hannunki, kada hankalinki ya tashi. Mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana, kuma waɗanda suka zube tun ranar kitso suna nan maƙale a ciki, yau ne suka sami hanyar fita. Abin da ya kamata ya dame ki shi ne guntayen gashi masu yawa da suka karye, ko wurin da ya yi fili a gaban goshi.

Gargaɗi: kada ki zuba ruwan wanki a kan gashin da aka tsefe sai kin taje kowane kaso da yatsu, sannan da manyan haƙora, kin fitar da mataccen gashin duka. Idan ruwa da shamfu suka same shi a ciki, dunƙulewa yake yi ya zama ƙulli mai tauri wanda wani lokaci sai almakashi. Bayan wanki ki bar kan ya huta na wasu kwanaki, kuma idan za ki sake kitsawa ki ɗan matsar da tsagar daga inda take a da, don kada wuri ɗaya ya riƙa ɗaukar ja kullum.